Sannu, Inji

Litinin, bayan sallar asuba,
na tako daga Gyallesu har Tudun Wada da ƙafa.
Ban hau acaba ba, don in ba zuciyata lokaci.
Makulli yana aljihun hagu yanzu,
dama ba ta gama koyon riƙo ba.

Sati goma sha ɗaya.
Kwaɗon shago ya yi tsatsa,
gizo-gizo ya yi saƙa daga mazurari zuwa bango,
garin masarar ranar nan
yana nan a kan benci, ba wanda ya share.

Sannu, inji. Ni ne Haladu.
Shekara tara muna ci a kwano ɗaya,
na san tarinka, na san ƙishinka.
Ba zan ɗora maka laifi ba, sabo ne ya ci ni:
hannun riga mai faɗi, bel ba murfi,
ga mutum shida a layi, ga azahar ta kawo jiki.
Na miƙa hannu in gyara bakin buhu.
Ban ji zafi ba tukuna,
ƙarar na fara ji, ƙas, kamar an karya rake,
sai salatin mata.

A Shika suka sa ƙarfe, suka ɗinke.
Malama Rifkatu ta sashen gashin ƙashi
ta ba ni ƙwallon roba, irin na yara.
Matsa, saki. Matsa, saki.
Ni da nake ɗaga buhun dawa ni kaɗai,
ƙwallo ya sa ni gumi.
Ta ce, "Kada ka ɗauki abin da ya fi tiya biyu
sai na ce maka. Ƙashi ba ya jin lallashi,
kwanakinsa yake ƙirgawa."

Bashi kuwa bai san jinya ba.
Mai shago ya aiko sau biyu,
kuɗin makarantar Ummi ya zo ya wuce.
Da dare in ji kamar in tsinke ɗaurin nan in fita.
Hansatu ba ta yi mini gardama ba.
Almakashi ta ɗauko, ta jera rigunan aikina uku,
ta datse hannayensu daga gwiwa,
ta kalmashe bakin da zare baƙi.

Jiya Barau mai walda ya zo da raga,
ya yi wa bel keji, ya ɗaure da noti huɗu.
Ya ce, "Na gyara yanka ne kawai, ka biya in ka samu."
Tanimu zai riƙa juya hannun tayarwa,
shi zai ɗaga buhu, ni in tsaya kan mazurari.
Na ce masa, kome ya maƙale, a kashe tukuna.
Ko da Inna Tasallah ce ke sababi a ƙofa,
a kashe tukuna.

Ga ta kuwa, ita ce ta farko, da ƙwaryar gero.
Ta dubi kejin, ta dubi tabon,
ta ce, "Allah dai shi ne mai tsarewa."
Na ce, haka ne, Inna,
shi ne ma ya ba Barau basirar raga.

Tanimu ya juya. Inji ya yi tari, ya kama.
Gwiwata ta yi sanyi, ba zan ɓoye ba.
Wanda maciji ya sara, an ce ko tsumma tsoro yake ba shi,
ni kuwa gaban macijin na dawo neman tuwo.
Na tsaya, na ƙirga numfashi bakwai,
na zuba gero da hagu.

Gari ya fito da ɗuminsa,
ya sauka a kan ɗinkin, fari fat.
Ban kaɗe ba.

Sha biyu na yi, na kashe.
Mutum uku na jira, na ba su haƙuri:
rabin yini aka yarda mini,
gobe ma rana ce, kuma ina so in zo mata da hannu biyu.